Sun Sa Ni a Kati

Ni wanki da guga nake yi, ban taɓa cin na kowa ba. Faɗa kam ina da shi, ban musa ba. In mai gyaran babur ya zubar min da baƙin mai a ƙarƙashin igiyar shanya, sai unguwa ta ji muryata.

Autata ce ta jawo min. Aikinta zana 'yan tsanan roba da katunan da yara ke tarawa. Wata rana ta zaunar da ni, ta yi ta zagaya ni da waya, wai in ɗaga haɓa, in juya, in harare ta. Na harare ta da gaske, don kayan mutane na jira na. Ashe har faɗan da na yi mata ta ɗauka.

Ba a jima ba sai ga ni a shago, tsawon ɗan yatsa, da dutsen guga a hannu, har giɓina ba su bari ba. Katin ya fi muni. Ka haska shi da waya sai in fito a cikinta, in kama ƙugu, in ce, "Ke, 'yar banza, matsa min!" Da muryata, wadda Allah ya ba ni.

Tun daga nan ban ƙara faɗa an ji tsoro ba. Mai gyaran babur da gangan yake zuba man yanzu, abokansa na tsaye da wayoyi suna jira. Masu kawo wanki su ce, "Iya, ɗan yi mana na katin mana."

Na tasa auta a gaba har ofishin kamfanin da take wa aiki. Ga ni nan jere a kan kanta, duk ina harara. Shugabansu, wani mai ɗan gemu da na girmi uwarsa, ya taso yana washe baki.

"Iya da kanta! Ke ce kika fi kowa kasuwa."

"Ni tumatir ce? A cire ni."

"Katin da ya shiga hannun mutane ba ya dawowa, Iya. Amma maganar da ke fitowa, daga nan muke sauya ta. Ki shiga ki faɗi wadda kike so."

Auta ta riƙe hannuna. "Mama, don Allah a hankali."

Aka sa ni wani ɗaki kamar akwati, bango duk soso, ba taga. Mai ɗaukar murya na bayan gilashi. Na gyara tsayuwa, na ce cikin natsuwa, "Ni uwar wasu ce. Ku daina yi min dariya."

Ya girgiza kai. "Iya, ba ki yi kama da ita ba. Sake."

"Da wa?"

"Da ta katin."

Wallahi ban san sa'ad da na kama ƙugu ba. Na wanke shi tas, na haɗa da mai gemu, na haɗa da autar da na goya. Sai da numfashina ya ƙare na ga jar fitilar ɗaukar murya na ci a saman ƙofa, shi kuma yana ɗaga min babban yatsa. Auta ta sunkuyar da kai.

Sabuwar muryar ta riga ni isa unguwa. Na ce auta ta koma ta sa a goge, ta ce ba ita ke da iko ba, sai dai in sake zuwa. In je in ƙara musu?

Jiya mai gyaran babur ya tuttule mai har ya taɓa farin zanin gadon mutane. Na fito, na buɗe baki, sai na ga wayoyi sun ɗago. Na rufe bakina. Na kwance zanin, na koma ciki na sake jiƙa shi.