Faifan Kwamfutar Baban Biyu

Dogo ya kwance sukurun ƙarshe ya zare murfin kwamfutar, sai guntayen zare suka zubo a kan teburinsa, ja da shuɗi da ruwan gwal, a cakuɗe da ƙura. Ya hure su da baki, ya tambayi Maman Biyu ko a cikin kwamfutar take ɗinkin nata. Ba ta yi dariya ba. Tana zaune a bakin benci, ta damƙe tawul ɗin da ta naɗo kwamfutar a ciki. Tun da safe ta rungumo ta a bas kamar jinjiri mara lafiya, tana kare ta daga gwiwar hannun mutane, sannan ta hau matakala da ita zuwa saman kasuwar kayan lantarki inda masu gyara suke jere.

Dogo ya jona wuta, ya danna maɓalli, ya sunkuya ya kara kunne. Daga can ciki wani abu ya ce ƙas, ya yi shiru, ya sake cewa ƙas. Ya kashe ta nan take. Ya nuna mata wani ƙaramin akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya ce shi ne faifan da ke ɗauke da komai, da shi kwamfutar ke tashi, kuma yana kan hanyar mutuwa. Amma abin ba wuya, in ji shi, kullum sai ya yi irinsa: a saka sabon faifai, a ɗora mata komai sabo fil, kafin azahar ta koma gida.

"Malam Dogo, kada ka ɗora mata komai sabo," in ji Maman Biyu. "Abin da ke ciki shi nake so, yadda yake."

Sai da ta yi masa bayani. Mijinta yana da injin surfani mai kai huɗu a ɗakin gaba na gidansu, wanda ya saya na hannu tun 'yan biyunsu suna rarrafe. Da shi suke yin bajin makarantu, da sunayen da ake liƙawa a rigunan masu gadi, da tambarin huluna. Injin ba ya motsi sai da umarnin wata manhaja da ke cikin wannan kwamfuta, kuma Baban Biyu ne ya saka ta da hannunsa. Kamfanin da ya yi manhajar ya daɗe da rufewa. Ta kira lambar da ke manne a jikin injin, wani mai sayar da tayoyi ya ɗauka. Shi kuwa Baban Biyu, bara ya faɗi a gaban injin nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga lokacin ita ke aikin. Ba ta karanci komai a kai ba, da ido ta koya lokacin da take kawo masa ruwa: a danna wannan hoton, a zaɓi zane, a danna koren maɓallin. Iyakar saninta ke nan. Yanzu ga makarantu na shirin komawa, ƙyallayen baji sun taru a ɗakin har sun tare taga, kwamfutar kuma ta fara sandarewa ana tsakiyar aiki.

Dogo ya sosa gemu. Ya ce akwai wata hanya. Za a iya kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabo, kowane lungu da saƙo, har kwamfutar ta tashi ba ta san an canza mata komai ba. Sai dai kwafewar tana nufin a tilasta wa faifan ya karanta kansa daga farko har ƙarshe, aikin da mai lafiya ma yake ji a jikinsa.

"In ya mutu a hanya fa?"

"Shi ke nan, Hajiya. Ba zan ɓoye miki ba. Amma ko an ƙyale shi, mutuwar zai yi."

Ta dubi ƙaramin akwatin ƙarfen. Abincin gidansu da maganin mijinta da karatun yara duk a cikin wannan ɗan abin suke, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa ba sai yau. Ta ce ya yi.

Ya ciro faifan a hankali, ya haɗa shi da tasa kwamfutar tare da wani sabo, siriri, mara nauyi, wanda ya ce babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya gaji. Ya jawo ƙaramar fanka ya saita ta a kan tsohon don kada ya yi zafi. A kan allon wani dogon layi ya bayyana, ya fara cika daga hagu kaɗan-kaɗan. Dogo ya ce ta je ta zaga kasuwa, abin zai ɗauki lokaci. Ta ce nan ma ya yi mata.

Shagon ƙarami ne, matattun kwamfutoci a jibge har rufi, kowace da takardar sunan mai ita da bai dawo ba. Warin dalma ya cika ko'ina. Maƙwabcinsa mai gyaran lasifika yana ta gwada waƙa ɗaya, ya kunna ya kashe. Mutane suka yi ta shigowa: mai fasasshen allo, mai neman caja, wata mata da ta zo a ciro mata hotuna daga wayar da ta faɗa ruwa. Dogo yana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, yana satar kallon layin. Maman Biyu kuwa ba ta ɗauke ido daga kansa ba. In ya matsa sai ta saki numfashi. In ya tsaya, faifan ya fara ƙas-ƙas ɗinsa, sai ta ji abin a haƙoranta. A ƙasan layin wasu jajayen ɗigo suka riƙa fitowa. Dogo ya ce wuraren da suka ruɓe ne, ana tsallake su, a yi fatan babu wani abu mai muhimmanci a wurin.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Yaya ce, yayar mijinta, wadda ke zama da shi duk ranar da Maman Biyu ta fita. Ta ce ya ƙi cin abinci, idonsa na kan ƙofa tun safe. Daga nan ta koma kan zancen da ta saba: mutumin nan da ya taya injin har yanzu yana so, gara a sayar tun yana motsi, kafin ya zama ƙarfen da 'yan gwangwan za su auna a sikeli. Maman Biyu ta ce ta ji, za su yi magana in ta dawo. Ba ta tambayi Yaya abin da za su ci bayan an cinye kuɗin injin ba. Ta taɓa tambaya sau ɗaya, Yaya ta ce Allah na nan, ta kuma yi fushi har na wani lokaci.

Layin ya kai kusan ƙarshe ya maƙale. Ya daɗe a wurin har Dogo ya daina yi mata hira, ya ɗora yatsa a bayan faifan kamar mai jin bugun jini. Ita kuma ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta koma ta farko. Ana kiran la'asar layin ya yi tsalle ya cika.

Dogo ya ɗaura sabon faifan a cikin kwamfutarta, ya danna. Kafin ta gyara zama allon ya haskaka. Ga hoton 'yan biyu da kayan makaranta, ɗaya na dariya ɗaya ta ɓata rai. Ga ƙananan hotunan nan a jere yadda Baban Biyu ya bar su, har da wanda ya karkace a kusurwa. Babu ƙas, babu jira. Maman Biyu ta rufe baki da gefen mayafinta. Dogo ya miƙe yana murmushi, ya ce ta zo da kanta ta buɗe manhajar tata.

Ta kama linzamin kwamfutar, ta danna hoton allura da zare. Maimakon zane-zanen da ta saba gani, sai wani farin akwati ya fito a tsakiyar allon, da rubutu, da wani fili a ƙasa da ke jiran a cike shi. Ta waiga. Murmushin Dogo ya tafi.

Ya karɓi linzamin, ya rufe, ya sake buɗewa. Akwatin ya dawo. Ya ce manhajar an ɗaure ta ne da lambar da aka haifi tsohon faifan da ita, lambar da ba ta kwafuwa. Manhajar ta duba ta ga ba gidanta ba ne, shi ya sa take neman sabuwar lambar izini, kuma kamfanin ne kaɗai ke bayar da ita. Bai tsaya nan ba, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya shiga intanet ya bincika har ya gaji. Ya canza wasu abubuwa ya sake tayar da ita. Ya kira wani abokinsa da ke gyaran injinan ɗinki, Maman Biyu tana jin muryar mutumin ta cikin wayar yana mamakin wai har yanzu akwai irin wannan injin da rai. Abokin ya ce sababbin manhajoji ba su san yaren injin ba, sai dai a canza masa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ita kuma an daina yin ta.

Dogo ya ajiye wayar. "Wanda ya saka ta tun farko, wataƙila ya san wata dabara. Yana nan?"

"Yana gida."

"To a tambaye shi mana."

"Za a tambaye shi," in ji ta.

Ya cire sabon faifan ya mayar da tsohon, ya ɗaure sukurori. Ta ce ba zai gwada ba? Ya girgiza kai. Ya ce babu abin da ke wahalar da faifan kamar tashi, kuma bayan aikin da ya sha yau, bai san tashi nawa ya rage masa ba, kada su ɓata ɗaya a nan. In ta je gida ta kunna, Allah ya sa ta tashi, to kada ta sake kashe ta, ta bar ta a kan batirin ajiyar wuta dare da rana. Ta tambaye shi zai kai ƙarshen aikin makarantu? Ya ce zai iya kaiwa wata, zai iya tsayawa gobe, duk wanda ya faɗa mata rana ƙarya yake. Ya naɗe sabon faifan a leda ya miƙa mata, ya ce ta adana, duk zane-zanen maigidanta suna ciki lafiya lau. Ta karɓa ta sa a jaka. Ba ta tambaye shi da me za a buɗe su ba.

A bas ta yi ta shirya tambayar a ranta, yadda za ta yi ta gajeriya, wadda zai iya amsawa da kai ko da ido. Ta same shi a kujerarsa kusa da taga, hannun dama a kwance a cinya, abincin rana a rufe a gefe. Tun da ya faɗi, kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: to. Da ita yake gaisuwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake kiran yara. Idonsa ya sauka a kan ƙunshin tawul ɗin, ya dawo kan fuskarta.

Ta durƙusa a gabansa. "Baban Biyu, manhajar nan, lokacin da ka saka ta..."

Ta ga ya gane. Ya gane duka, tun kafin ta ƙarasa. Ya yunƙuro, hannun hagu ya damƙe hannun kujera, leɓensa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Akwai magana a bayan idon nan, doguwa, tana neman hanya. "To," ya ce. Ya sake yunƙurawa, zufa ta tsattsafo masa a goshi. "To. To." Yawu ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Ko amsa ce yake da ita, ko cewa yake babu amsa, ba ta da yadda za ta sani.

Ta sa gefen mayafi ta goge masa baki. "An gyara," ta ce. "Abin da zan faɗa maka ke nan. An gyara, tana nan yadda ka bar ta."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya koma ya jingina ya rufe ido. Daga bakin ƙofa Yaya ta yi hamdala, ta ce ai sai a gaya wa mai sayen nan kuɗi ya ƙaru.

Maman Biyu ta shiga ɗakin gaba ta tura ƙofa. Ta ɗora kwamfutar a mazauninta, ta mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, faffaɗar ta injin a ƙarshe. Ta yi bismilla ta danna. Allon ya tsaya baƙi. Faifan ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake yi. Ta tsaya a kansa hannu a ƙirji. Can sai hoton yaran ya fito, rabi da farko, sannan sauran. Ta danna allura da zare, manhajar ta buɗe ba ta tambaye ta komai ba.

Ta ɗaura ƙyalle a firam ɗin injin, ta zaɓi zane, ta danna koren. Kawunan injin huɗu suka sauka tare, ɗakin ya cika da ƙararsu. Ta yanko salatif ta manne maɓallin kashewa, ta ƙara wani a kai, ta leƙa ta gaya wa Yaya a faɗa wa yara daga yau ko shara ake yi kada wanda ya taɓa wayar wutar kwamfutar nan.

Ta dawo ta zauna a kan tarin ƙyallayen. Ta ɗauki baji ɗaya cikin waɗanda aka gama jiya, ta juya bayansa zuwa hasken da ya rage a taga, tana bin yadda zaren ya shiga da yadda ya fita. Ta jawo gwangwanin kayan ɗinki, ta zaro allurar hannu, ta zira mata shuɗin zare, ta ɗauki wani guntun ƙyalle. Kafin ta gama harafin farko na sunan makarantar, injin ya cika firam guda ya tsaya yana jiranta. Ta tashi ta canza masa ƙyalle, ta dawo ta duba nata. Harafin ya karkace, zaren ya tattare a gefe ɗaya. Ta sa bakin allura ta warware shi, ta sake farawa.