Rawayar Fitila a Tsohon Rumbun Kifi

Karo na huɗu ke nan cikin wata biyu da Torgeir Moen ya hau jirgin fito zuwa tsibirin nan saboda na'ura ɗaya tak, kuma har aka isa bai ɗaga kai ya kalli ruwa ba. Shi dama ba mutumin teku ba ne. A can tudu aka haife shi, cikin dazuzzukan yankin Elverum, aure ne ya gangaro da shi gaɓa, kuma shekara talatin bai yafe wa teku ƙarnin da yake yi ba.

Sana'arsa ɗaura na'urar gano hayaƙi a gine-gine masu dogon rufi. Akwati ne ɗan ƙarami a bango guda, yana harba siririn haske wanda ido ba ya gani, sai wani faranti mai ƙyalli a bangon can ya maido masa da shi. In hayaƙi ya gitta tsakani, hasken ya ragu, ƙararrawa ta ɗauka. In kuwa hasken ya kauce wa farantin gaba ɗaya, na'urar ba ta ihu, sai dai ta kunna wata rawayar fitila a allon bakin ƙofa, wato tana cewa ta daina gani. Torgeir ya ɗaura irinta sun fi ɗari uku, a coci-coci da ma'ajiyoyi da ɗakunan wasanni, ba wadda ta taɓa yi masa taurin kai irin wannan.

Jiya da yamma Eivind, shugabansu a kamfani, wanda Torgeir ya girme shi da shekara ashirin, ya kira shi a waya.

"Ni fa ban ce ka tsufa ba, Torgeir."

"Ai ban ce ka ce ba."

"Saiti uku ka yi, duk ukun sun zame. Me kake so in yi tunani? Na sa an kama maka layin likitan ido ranar Alhamis. Ka je gobe ka sake dubawa. In ka gano laifin na'ura ne ko na gini, shi ke nan, mu binne zancen likita."

Kowa a sana'ar ya san ma'anar wannan layi. In likita ya girgiza kai, ba hawa tsani, ba tuƙa motar kamfani, sai a ba mutum kujera a sito ya riƙa miƙo wa yara kusoshi. Abin da Eivind bai sani ba, kuma ko matar Torgeir ba ta sani ba, shi ne tun hunturu wani ɗan hazo ya zauna a tsakiyar idonsa na dama, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Mahaifinsa da muryoyi yake gane jikokinsa a shekarunsa na ƙarshe. Tsoro ne sosai a cikin Torgeir, tsoron da ya hana shi ko rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan.

Halldis na jiransa a bakin rumbun da makullai a hannu. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da biyu, gajera, kakkaura, bakinta ba linzami. Ita ke riƙe da tsohon rumbun kifin da mutanen tsibiri suka mayar ɗakin taro, inda ake biki da waƙa, kuma yaran makaranta ke kwana lokacin gasar kwale-kwale. Ginin katako ne dogo, rabinsa a kan dutse, rabinsa a kan turaku cikin ruwa.

"Ɗan tudu, ka sake dawowa? Ko dai ni kake zuwa gani kake fakewa da akwati?"

"Yaya na'urar take yau?"

"Lafiyarta ƙalau. Ai ta san kana tafe."

Haka kuwa. Fitilar allon kore shar. Wannan shi ne abin da ke neman zautar da shi: duk ranar da ya sauka daga jirgin tsakar rana, sai ya tarar da ita lafiya. Ya gyara abin da bai lalace ba, ya bi jirgin ƙarfe huɗu ya koma, ta yi kwanaki shiru, sannan Halldis ta bugo waya ta ce rawayar ta dawo.

Ya kafa tsani a bangon da ke fuskantar teku, inda akwatin yake, ya hau. Ya goge gilashin da ba ƙura a kai. Ya nemi yanar gizo-gizo, babu. Ya leƙa saman ginshiƙai ko tsuntsu ya yi sheƙa, babu ko gashi ɗaya. Ya ja wayoyi ɗaya bayan ɗaya, duk daram. Ya sa ɗan baƙin allon gwaji a gaban hasken, ƙararrawa ta ɗauka har Halldis ta toshe kunne tana zaginsa. Komai daidai. Ya tsaya a kan tsanin yana sosa ƙeya. In rana ce ke shigowa ta taga, me ya sa har ranar hadari? In jirgin fito ne ke girgiza ginin, me ya sa ba kullum ba? In kuma saitinsa ne ya karkace, to yaya aka yi take aiki yanzu? Kowace amsa ya kama sai ta sulluɓe, ta bar shi da wadda ba ya so.

Ya kunna jan ɗigon saiti, wanda ake auna farantin da shi, ya duba can ƙarshen ɗakin, mita arba'in da biyar. Ya karkata kai hagu kaɗan, kamar yadda ya saba yi kwanan nan ba tare da ya shirya ba. Ga alama ɗigon na kan farantin. Ga alama.

Jirgin ƙarfe huɗu ya yi kuka ya tafi ba shi. Halldis ta kawo gahawa a fulas da gurasa mai man shanu da sukari, suka zauna a benci kusa da allon.

"Ka rasa jirgi."

"Na sani. Yau sai na ga lokacin da take yi da idona."

"Da idonka," in ji ta, tana zuba gahawa.

Allon yana ajiye lokacin kowace matsala, a wani ɗan gilashi mai ƙananan lambobi. Zuwansa uku bai karanta su duka ba, ya ce wa kansa ba su da amfani. Gaskiyar ita ce lambobin rawa suke masa. Ya ɗaga hannuwansa ya nuna mata.

"Hannuna duk man shanu. Ki danna nan ki karanto min."

"Oho, yau kuma ni ce yaron aikinka." Ta gyara tabarau. "Litinin, shida saura kwata na safe. Litinin kuma, shida da minti biyar na yamma. Talata, shida da ashirin da biyar na safe."

"Kin ji ko? Ba ta da lokaci. Da a ce injin ɗumama ɗaki ne, da ƙarfe ɗaya zai riƙa yi kullum. Wannan kuwa sai tafiya take."

"Talata, bakwai saura kwata na yamma. Laraba..." Ta ɗauke ido daga gilashin ta dubi rufi. "Laraba bakwai da 'yan mintuna. Alhamis takwas saura kwata."

"Ba ki duba ba fa."

Ta duba. Ta fashe da dariya har gahawa ta zube mata a siket.

"Kai, ɗan tudu! Tabɗi! Shekara talatin kana cin kifinmu a banza!"

"Mene ne?"

"Ai lokutan da nake sauka gaɓa tsintar katantanwa ke nan. Lokacin da ruwa ya janye ƙarshe! Kuma ba kowane mako ba, sai wata ya cika ko ya ɓata, ruwan ya yi babbar janyewa. Ko jikata mai shekara biyar ta san wannan."

Torgeir ya yi sororo. Shi dai ya ji kalmomin, amma bai ga inda suka haɗu ba. Me ya haɗa ruwan da ke ƙasa da hasken da ke mita bakwai a sama?

"Taso," in ji ta. "Gani ya kori ji."

Suka zagaya bayan ginin. Ruwan ya ja baya sosai, turakun sun fito tsirara, baƙaƙe, ciyawar teku na rataye a jikinsu. A ƙarshen ginin akwai wani dandamalin katako mai yawo a kan ruwa, inda ake ɗaure kwale-kwale. A bazarar nan aka kawo shi, Halldis ta ce, kuma 'yan kwamitin ɗakin taron suka ɗaure shi da sarƙa a turken kusurwa, don sun ga shi ne mafi kauri. Sarƙar ta yi gajarta. In ruwa ya cika tana lilo, ba ruwanta da kowa. Yanzu kuwa dandamalin ya sauka da ruwa, nauyinsa duk ya koma wuyan turken. Torgeir ya ɗora hannu a kan sarƙar, ya ji ta miƙe gam, tana ɗan kuka. Ya bi turken da ido har sama. Shi ne ya ɗauke bangon da akwatinsa yake kai.

Bai jira ta ba, ya ruga ciki kamar yaro. Fitilar rawaya ce.

Bangon ba ya motsawa fiye da kaurin farce, amma farce a nan kamu biyu ne a can ƙarshen ɗakin. Ruwa ya dawo, sarƙa ta saki, bango ya koma mazauninsa, shi kuma ya sauka daga jirgin tsakar rana ya tarar da ita kore. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya riƙa dukan benci yana cewa, "Ba ni ba ne! Halldis, ba ni ba ne!"

"Wa ya ce kai ne?"

Ya juya ya fara tattara kayan aikinsa.

Ya kwana a ɗakin baƙinta. Da safe ya yi abin da ya kamata a yi tun farko, ba don takardar mai zanen gini ta ce a yi akasin haka ba: ya mayar da akwatin bangon da ke kan dutse, wanda ba ya motsi, ya kai farantin bangon teku, ya ƙara masa wasu uku a gefe don ya yi faɗi. Faranti ko ya ɗan karkata yana maido haske. Sarƙar kuma Halldis ta ce ta san kunnen wanda za ta ja. Yana aiki yana fito, abin da ya daɗe bai yi ba.

Saura saiti. Ya hau tsani a bangon da ke kan dutse, ya kunna jan ɗigon, ya fara juya ɗan maɓallin. Halldis na can ƙarshen ɗakin a ƙarƙashin farantin, tana naɗe wata igiya. Hasken safiya ya cika tagogin teku. Ya juya sama, ya juya ƙasa. Ya karkata kai. Ya ga bango, ya ga ginshiƙai, ya ga jar rigar Halldis. Inda farantin yake kuwa, hazo ne kawai. Ya dakata, ya goge ido da bayan hannu, ya sake dubawa.

"Halldis! Ina ɗigon yake?"

Ta ɗaga kai ta dubi farantin, sannan ta dube shi.

"Yana tsakiyar farantin, Torgeir."

Yau ce rana ta farko da ta kira shi da sunansa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka tsaya goge ido."

Ya bar maɓallin. A kan tsanin nan ya yi abin da ya yi wata shida yana gudu: ya rufe idon dama ya duba da na hagu. Ga ɗigon, ɗan mitsitsi, ja, amma gefensa a dushe. Ashe hagun ma ya fara. Ya ɗaure kusoshin a hankali, ya sauko, ya yi gwajin baƙin allo sau biyu. Ƙararrawa ta ɗauka, fitila ta koma kore, na'urar ta nuna haske cikakke. Aikin ya yi kyau, kuma ya san da idon wa aka yi shi.

Halldis ta raka shi bakin jirgi, ta cusa masa busasshen kifi a aljihun jaka. Ba ta yi masa tsiya ko ɗaya ba, wannan ya fi komai yi masa ciwo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yara arba'in za su kwana a ciki wata mai zuwa. Na ji daɗi da ka gyara."

A cikin jirgi ya kira Eivind ya ba shi labarin sarƙar. Eivind ya yi dariya har da tari.

"Teku! Kai, ka yafe min, tsoho. Wa zai kawo wannan a ransa? To shi ke nan, yanzu zan bugo in soke layin likitan. Akwai wani coci a arewa ranar Alhamis, rufinsa mita goma sha biyu, ba wanda zan tura sai kai."

Ƙofar kuɓuta ce a buɗe wa Torgeir, ba wanda zai tare shi. Ya tuna coci cike da mutane, da shi a kan tsani shi kaɗai, ba Halldis a ƙasa da zai tambaya.

"Kana ji na, Torgeir?"

"Ina ji. Kar ka soke."

"Me?"

"Ka bar layin yadda yake. Cocin kuma ka tura wani."

Ya kashe wayar kafin muryarsa ta tona shi. Ya fita waje ya jingina da ƙarfen jirgin, iska na dukan fuskarsa. Ruwa ya cika, rumbun kifin na can baya a kan turakunsa, jan fenti da farin rufi. Ya tsaya yana kallon teku, ya daɗe sosai, har jirgin ya kusa isa, aka kira masu motoci su sauka ƙasa wurin motocinsu.