Abincin Rana a Gidan Mai Lofe

A shekarar 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta aiko da akawun baitulmali biyu daga Kaduna zuwa Manchester, su yi kwas na lissafin kuɗin gwamnati. Ɗaya Malam Gidaɗo ne, babban akawu, Bafillacen Yola. Ɗayan Sanda, wanda Gidaɗo ya ɗauko tun fitowarsa daga makaranta, ya koya masa aiki, daga baya ya ba shi ’yarsa ta fari, Zinatu, har sun haifa masa jikoki. Kujera ɗaya ce ake neman wanda zai hau a cikinsu: mataimakin akanta, a sahun manyan ma’aikata, wanda ake kira siniya sabis. Har lokacin Bature ne kaɗai yake zama a kanta.

Albashin ƙaramin ma’aikaci tsani ne mai iyaka, kuma Gidaɗo ya daɗe a matakin ƙarshe. Duk shekara na ƙasa da shi su sami ƙari, shi babu, domin babu inda zai hau. Saurayin Baturen da ya sauka daga jirgi jiya, wanda Gidaɗo zai nuna wa inda ake sa hannu, yana karɓar ninkin albashinsa, ga kuɗin barin gida, ga gida a Bariki, ga bashin mota. Shekarun Gidaɗo kuma sun kusa kai inda ba a ƙara duba mutum don ƙarin girma. In wannan kujera ta wuce shi, a babban akawu zai yi ritaya. Sanda yana da sauran lokaci. Kowa ya san haka, har shi kansa.

An sauke su a unguwar Rusholme, a gidan Misis Alfred, wadda mijinta ya mutu a yaƙi. Ingila ta ci yaƙi amma ba ta ƙoshi ba. Nama, sukari, man shanu da ganyen shayi duk da kati ake sayen su, kuma abin da katin mutum ɗaya yake bayarwa na mako ba ya cika tafin hannu. Dankali da kabeji ne suke riƙe gidan.

Abin da ya fi ba Misis Alfred haushi ba yunwa ba ce.

“Maza biyu, tukunya ɗaya, amma sai na ɗumama sau biyu,” ta ce. “Gas ɗin nan uban wa yake biya?”

Gidaɗo ba ya cin abinci a gaban mijin ’yarsa. Ko ruwa ba ya sha. Haka ya tarar da iyayensa, kuma a wurinsa wannan ba zaɓi ba ne, kamar yadda mutum ba ya zaɓen ko zai tuɓe a kasuwa. Sanda yakan ci da farko ya hau sama, sannan Gidaɗo ya sauko ya ci mai sanyi. Sanda ya gaya wa matar cewa lokacin sallar Malam ne. Ta ce wannan Ubangijin nasu bai san tsadar gas ba.

Da aka yi jarrabawa, Gidaɗo ya zo gaba, Sanda na biye da shi da ɗan kaɗan. Saura abu ɗaya. Kwamitin da zai zaɓa yana London, amma maganar da yake ji ta wani tsohon Razdan ce da ya yi ritaya a bayan garin Birmingham, wanda mutanen Arewa suka sa wa suna Mai Lofe. Ya gayyace su abincin rana, ranar Alhamis. Babu akawun da bai san ma’anar wannan ba. Ana so a ga ko baƙar fata zai iya zama a tebur da Turawa, a kulob da gidan Gwamna, ba tare da ya kunyata wanda ya kawo shi ba.

A cikin bas, a kan Wilmslow Road, Gidaɗo ya ɗauko maganar yana kallon taga.

“Tebur ɗaya za a ajiye mu,” ya ce wa Sanda.

“Na yi tunanin haka, Baffa. Ni ma yaya za a yi in buɗe baki a gabanku?”

“To?”

“Alhamis ce. Mu ɗauki azumi, mu biyu. Ba ƙarya muka yi ba. In biyu suka ƙi ci, addini ne. Mai Lofe ya zauna a Arewa, ya sani.”

Gidaɗo ya ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Ranar Alhamis suka hau jirgin ƙasa na safe. Birmingham tana nan da ramukan bom, an kewaye su da katako, ciyawa ta tsiro a ciki. Mai Lofe da kansa ya buɗe musu ƙofa. Ya tsufa, ya rame, amma Hausarsa tana nan.

“Malam Gidaɗo, kana nan da ranka? Har yanzu kana kama Turawa da kuskuren kwabo?”

“Ranka ya daɗe, sun daina kuskure.”

“Ƙarya kake. Ni ka kama sau biyu, har yau ban yafe ba. Wannan ne yaron naka? Ya yi tsawo. Ka ciyar da shi da yawa, Malam, wata rana zai cinye ka.”

Aka yi dariya. A falon akwai wani Bature daga ofishin London, ɗan kwamiti, wanda ba ya jin Hausa, bai kuma yi dariya ba.

Aka zauna. An ajiye Sanda daidai gaban Gidaɗo. Uwargidan Mai Lofe ta shigo da cinyar rago a faranti, ta ajiye da kanta, domin ba su da kuku yanzu. Ta ce ta haɗa katinta da na mijinta da na ƙanwarta kafin naman ya samu, kuma har cikin gari ta shiga wurin wani mahauci ɗan Yemen, don ta san Musulmi ba sa cin kowane yanka. Ta faɗi haka tana murmushi, fuskarta ta yi ja saboda zafin murhu.

Gidaɗo ne babba, shi ya fara magana. Ya yi godiya da Turanci mai kyau, ya ce abin takaici yau suna azumi.

“Ni ban ɗauka ba, madam,” in ji Sanda. “Tun da na ji za mu zo gidanki.” Ya miƙa farantinsa.

Gidaɗo bai dube shi ba.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa. “Malam, watan azumi ya wuce tun bazara. Wannan nafila ce. Na yi shekaru da alƙalai, na san mai nafila yana iya karyawa don mai gida. Ko ba haka ba?”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“To, ni ne mai gida. Bismillah.”

Matar ta yanka masa wuri mafi taushi, ta zuba romo da dankali. Gidaɗo ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu. Ya iya riƙe su. Ya koya tun kafin a haifi Sanda. Ya yanki naman, ya ɗaga shi. Sanda yana kallon sa kai tsaye, yana tauna a hankali, maiƙo a leɓensa. Tunda aka ɗaura auren bai taɓa haɗa ido da shi ba sai yau.

Gidaɗo ya mayar da naman cikin faranti.

“Ba shi da daɗi ne?” matar ta tambaya.

“Yana da daɗi, madam.”

“Ai ba ka ɗanɗana ba.”

Dalilin jimla ɗaya ce: wannan mijin ’yata ne. Mai Lofe zai gane nan take, wataƙila har ya sa a kai masa abincin wani ɗaki, ya mai da abin labari. Amma faɗin jimlar a gaban Sanda, a gaban mace, a kan tebur, ya fi cin naman nauyi. Ko sunan ’yar ba ya kamawa. Ya ajiye wuƙar da cokalin.

Ɗan kwamitin ya juya ga Sanda, ya tambaya ko akwai abin da ba su fahimta ba.

Sanda ya goge bakinsa da tsumman tebur. Ya yi magana da Turanci, cikin ladabi, kamar mai ba da haƙuri a madadin wani.

“Malam mutumin zamanin da ne, yallaɓai. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini duk abin da na sani. Amma mutanen zamaninsu ba sa sakewa a teburin Bature. A Manchester ma shi kaɗai yake ci. Mai masaukinmu za ta shaida.”

“Gaskiya ne, Malam?” Mai Lofe ya tambaya da Hausa. “Kai kaɗai kake ci?”

“Gaskiya ne.”

Matar ta ɗauke farantin. Naman ya riga ya yi sanyi, kitsen ya daskare a gefe. Sanda ya ce in ba damuwa, kada a zubar, ya san yadda nama yake wuya a ƙasar nan. Ta ba shi. Ya cinye, ya yabi romon. Ɗan kwamitin ya tambaye shi ra’ayinsa a kan kasafin kuɗin lardi, suka daɗe suna magana. Ba a ƙara tambayar Gidaɗo komai ba.

A ƙofa Mai Lofe ya riƙe hannunsa. “Na so a ce kai ne,” ya ce. “Amma ka gani da idonka.”

Suka hau jirgin komawa. Rana ta faɗi tun suna hanya. Akwai burodi a aljihun Gidaɗo, bai buɗe baki ba, domin Sanda yana zaune a gabansa yana karanta jarida.

Sakamakon ya zo kafin ƙarshen wata. An naɗa Sanda mataimakin akanta. An yaba wa Malam Gidaɗo a kan ƙwazonsa a jarrabawa, aka ce zai koma kujerarsa ta babban akawu, a ƙarƙashin sabon mataimakin akantan, a kan albashinsa na da.

Da safen da za su tafi Liverpool su hau jirgin ruwa, Sanda ya ƙwanƙwasa ɗakinsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi, kamar kullum.

“Baffa, an sauya mini tikiti. Siniya sabis a sama ake sa su. Ku kuna ƙasa, amma an ce akwai iska.”

“To.”

“Akwatina babba ba zai shiga ɗakin ba. In ba takura, a haɗa shi da kayanku.”

“A haɗa.”

“Kada ku sa komai a rai. Rahotonku na shekara ni zan riƙa rubutawa. Ba zan bari a taɓa ku ba har ku yi ritaya.”

Gidaɗo ya ci gaba da naɗe riga. Can ya ce, “Gida fa?”

“An ba mu a Bariki. Da mun sauka za su tare.”

“Yaran. Ina zan riƙa ganin su?”

Sanda ya ɗan yi tunani.

“Ku zo duk lokacin da kuka so, Baffa, gidanku ne. Sai dai maƙwabtan Turawa ne, kuma sun san ku a ofis. In suka ga akawu yana shiga ta gaba, ni za su yi wa kallo. Akwai ƙofa ta baya, wajen ɗakin boyi. Zan gaya wa maigadi ya riƙa buɗe muku.”

Daga ƙasa Misis Alfred ta kira, ta ce shayi na kan tebur, kuma motar tasha ta kusa. Sanda ya miƙe ya sauka. Gidaɗo ya ɗaure igiyar akwatinsa, sannan ya shiga ɗakin da ke gefe ya jawo na Sanda.