Wayar Auta a Bakin Tasha

Shekara biyu da wata huɗu rabon mai buga takardu da ɗanta Auta. Ita ta kore shi da bakinta, ran da ya ce ya bar makaranta. "Kada ka sake taka min gida," ta ce. Shi kuwa, da baƙar zuciya irin ta ubansa, ya ɗauki maganar da gaske, ya tafi, ya sauya lamba. Ba inda ba ta yi cigiya ba.

Ranar wata Talata da hantsi tana teburinta a barandar da ke kallon tashar mota, sai wayfai ɗin maƙwabcinta mai fotokwafi, wanda take shiga intanet da shi, ya tsinke, aikinsa ke nan kullum. Ta ja tsaki, ta danna kusurwar allon laftof ko za ta samu wani. Sunaye suka jero, na kantin magani, na masu gyaran waya, kowanne da kwaɗo a jikinsa. Can ƙasa, da sandar sigina ɗaya tak, ta ga an rubuta Autan Mama.

Ta ƙura wa sunan ido. Auta ne ya raɗa wa wayfai ɗin wayarsa wannan suna, shi ya haɗa mata ita da laftof ɗin a tsakar ɗakinta, yana tsokanarta wai za ta shanye masa data.

"Yaya, lafiya?" in ji mai fotokwafi.

"Auta yana kusa. Abin nan ai ba ya cin dogon zango, ko?"

"Haba Yaya, auta nawa ne a duniya? Kowane gida da nasa."

Ba ta bi ta kansa ba. Ta zare caja, ta sungumi laftof a buɗe kamar farantin talla, ta tsallaka titi. Wajen masu faci sunan ya ɓace, ta ja da baya, ya dawo. A ƙofar tasha sanda ta zama biyu. Masu lodi suna ta yi mata ba'a: "Hajiya, ina zuwa ke da ofishinki?" Ko kallo ba su ishe ta ba.

Gefen wata doguwar bas mai baƙin gilashi sanduna suka cika. Kafin ta taɓa komai laftof ya haɗu da kansa. Wayyo Allah, ashe ko faswod, kalmar sirrin, bai sauya ba! Murna ta kama ta.

Ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, ba ta ganin kowa sai fuskarta.

"Auta! Ni ce. Na janye maganata, wallahi na janye. Sauko ko gaisawa mu yi."

Kwandasta ya tare ƙofa, ya ce mota ta cika, ba mai shiga. Ta roƙe shi don Allah ya kira mata shi. Ya ɗan dube ta, ya leƙa ciki, ya kira sau biyu. Ba wanda ya amsa.

Ta sunkuya kan allo, ta ga haɗin ya yanke. Ta sake buɗe jerin sunayen, ta bi shi daga sama har ƙasa, ta sake bi. Sunan ba ya ciki.

Ta ɗaga kai. Bas tana nan inda take, direba ma bai shiga ba, yana can gefe yana hira da masu lodi. Ba inda motar ta je. Auta yana ciki, ya ji muryar uwarsa, ya sa hannu ya kashe wayfai ɗin wayarsa.