Kwalin Harsasan Orval

A ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin bindigogi, nan gabashin jihar Ohio, an san Orval Pruitt da abu biyu: rowa da kwalin harsasansa. Idan ya kawo donat, fanken nan mai rami a tsakiya, ranar Asabar, sai ya raba kowane biyu, ya tsaya a kai yana kallon hannun mutane. Shekara arba'in muna tare, kuma ban tuna ranar da muka rabu ba tare da mun yi wa juna baƙar magana ba.

Kwalin nan bai fi tafin hannu ba. Harsasai ne irin na da, masu lamba talatin da biyu, waɗanda gudumar bindiga ke buga wa a gefen gindi maimakon tsakiya. An daɗe da daina ƙera su. Takardar da kamfani ya liƙe bakin kwalin da ita tana nan yadda take, kuma a wurinmu darajarsa duk a wannan takardar take. Orval yakan zo da shi taro a cikin akwatin gilashi. Ka miƙa hannu, ya buge.

Ni kuma, Merle Haskins, ina da bindigar da ke cin irin harsashin: 'yar libarba ta mahaifiyata, mai ƙotar katako. A aljihun rigar aikinta take yawo da ita saboda dilolin da ke yi mata ɓarnar kaji. Tun da ta zo hannuna ban taɓa harba ta ba. Ɗaiɗaikun harsasan da nake tsinta a kasuwar bindigogi duk sun yi kore, sun mutu murus.

Sai ciwon karkarwa ya kama ni. Kofi ma sai na riƙe da hannu biyu. 'Yata Darla ta samo mini ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita, kuma can ba a shiga da bindiga. Na yi faɗa, na yi fushi, na ƙare na bi. Sauran bindigogin na rabar. Ta mahaifiyata na yi wa gidan tarihin gundumarmu alkawarinta, inda za a sa ta a bayan gilashi, ba mai sake ɗana ta har abada. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. So nake in ji muryarta sau ɗaya a hannuna kafin mu rabu, amma ban gaya wa kowa ba, balle Orval.

Asabar ɗina ta ƙarshe, Darla ta kai ni filin harbi don in yi sallama. Na tafi da libarbar in nuna wa mutane. Muna isa na hango Orval zaune a benci, kwalin a gabansa, ba akwatin gilashi.

"Ga mai rawa ya iso," in ji shi. "Wace waƙa kake ji yau, tsoho?"

"Wadda za a yi ranar da ka sayi wa wani kofi. Me ya fito da gunkin naka waje? Iska zai sha?"

"Ba ni bindigar in gani."

Ya karɓa, ya leƙa bututun, ya juya gidan harsashin yana saurare, ya jijjiga. Ya ce lafiyarta lau, ta fi mai ita. Sannan ya zaro wuƙar aljihu ya ɗora a kan takardar.

Na ce, "Orval, kana cikin hankalinka kuwa?"

"Darla ta ce kana tashi da safe kana shafa mata mai kamar jaririya. Na gaji da jin labarin."

Na waiga. Darla ta maida kanta kallon bishiyoyi. Kafin in juyo ya tsarga takardar. Cikin mutanen da ke wurin har wani ya cire hula. Na san abin da ya yanka ba ya ɗinkuwa.

Harsasan suna jere a ciki, jan ƙarfensu ya ɗan dushe. Ya sa uku a bindigar, ya miƙo mini. An kafa gwangwanin wake a kan kututture. Babban yatsana ya kasa ja da gudumar baya, sai shi ya ja. Na ɗaga, bakin bindigar yana zagaye duniya. Na ja kunama.

Ƙas. Ba abin da ya fito.

Muka dakata, bakin bindigar na kallon ƙasa, don tsohon harsashi yakan yi nawa sannan ya tashi. Shiru. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Na ajiye bindigar a benci, zuciyata ta yi baƙi.

"Ka ɓata kayanka a banza," na ce. "Duk sun mutu."

"Kai dai ka cika gaggawa, shi ya sa gashinka ya riga ka tafiya. Ka manta yadda ake yi?"

Ya ciro na farko ya nuna mini ɗan tabon da guduma ta yi a gefensa. Maganin da ke kunna albarushi a zagaye yake cikin gefen nan, kuma idan ya tsufa yakan mutu a wani wuri ya rage a wani. Ya murza harsashin kaɗan, ya mayar yadda guduma za ta sauka a sabon wuri. Ƙas. Ya sake murzawa.

"Baba, ko a haƙura?" in ji Darla. "Hannunka ya gaji."

"Bar shi, 'yata," in ji Orval. "Taurin kansa ai bai gaji ba."

Ya matso ta hannun damana, ya tallabi wuyan hannuna da tafinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da muke. Hannunsa da ɗumi, kuma ba ya motsi. Bakin bindigar ya tsaya. Na ja.

Ta tashi. Ƙarar ba ta fi a fasa busasshen ice ba, amma na ji ta har ƙashin bayana. Farin hayaƙi ya turnuƙe mu, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gwangwanin yana nan daram, ko gezau bai yi ba.

"Ka kuskure," in ji Orval.

"Hannunka ne ya goce."

"To, mun ji."

Na so in ce na gode. A rayuwata an yi mini alheri da dama, amma ban taɓa jin godiya ta cika mini ƙirji haka ba, kuma wai ga mutumin da ke raba donat biyu. Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ga hannun da zan share da shi yana rawa.

"Hayaƙin nan ne," na ce.

"Ai fa. Albarushin zamanin da mugu ne, ya fi albasa."

Ya cire hularsa yana yi mini fifita a fuska, ya ba mutane baya yadda ba wanda zai gan ni. Hayaƙin ya daɗe da wucewa, shi kuwa yana ta kaɗa hula.