Fuskar Akoth a Shafin Wata

Okumu ya ɗora hoton a shafin bincike, ya jingina da kujera yana jira. Kowace Talata haka yake yi a ɗan shagonsa na ɗaukar hoto da ke kasuwar Kibuye a Kisumu, tun ranar da ya tsinci hotunansa na masunta a tallar wani otal, ko sunansa babu. Yau dai ba masunta ya ɗora ba. Hoton matarsa Akoth ne, wanda ya ɗauke ta a bakin tafki tana dariya. Wata tara ke nan da rasuwarta.

Wurare huɗu suka fito. Uku nasa ne. Na huɗun shafin wata ce wai Mercy, ma'aikaciyar jinya a Nakuru, mai neman miji mai tsoron Allah.

Ya kira 'yarsa Apondi a Nairobi.

"Baba, ina cikin mota, lafiya?"

"Sun sace hoton mamarki. Har sun canja mata suna, suna yaudarar maza da fuskarta."

"Kai! 'Yan damfara ne, Baba. Ka danna wurin kai ƙara, za a rufe. Don Allah kar ka tsaya surutu da su, na san halinka. Zan kira ka anjima."

Bai sa ran kiran ba. Ya danna ƙarar, ya tura shaidar cewa shi ya ɗauki hoton. Sannan ya kasa tashi. Ya riƙa bin shafin ƙasa, yana ganin Akoth ranar bikin ƙanwarta, Akoth a bakin coci. A ƙarƙashin kowane hoto mutum ɗaya ne ke rubutu kullum da safe, wani Kiplagat Bett, malamin makaranta mai ritaya a Kericho: "Kin tashi lafiya? Yau ana ruwa a nan."

Ran Okumu ya ɓaci. Ya rubuta masa zagi, ya goge. Ya sake rubutawa: "Malam, babu wata Mercy. Wannan matata ce, ta rasu. Kar ka tura musu komai."

Ya sayo shayi da wake a wurin mai abincin maƙwabta, ya ci shi kaɗai. Har la'asar ba wanda ya leƙo shagon. Sai wayarsa ta yi ƙara, amsar Kiplagat ce ta shigo.

"Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa. Na daɗe da zargin haka, don ba ta taɓa yarda mu yi magana da murya ba. Tawa matar shekara uku da tafiya, gidan ya yi mini girma. Ka yafe mini. Amma in ba damuwa, yaya sunanta na gaskiya? Wace irin mace ce?"

Okumu ya sake karanta saƙon. Tun bayan jana'iza mutane ke kauce wa sunanta a gabansa, kamar zai ƙone su.

Wata mata ta leƙo tana son hoton fasfo.

"Mama, yi haƙuri, ki dawo gobe."

Ya tura ƙofar, ya gyara tabarau, ya fara rubutu da yatsa ɗaya.

"Akoth sunanta. Ba ta iya waƙa ba ko kaɗan, amma duk coci ba mai ɗaga murya kamarta."