Ranar Da Aka Ɓoye Jirgin Nyevu

Wata goma sha huɗu injiniya Nyevu Katana da masu walda suka yi suna harhaɗa jirgin ruwan sintiri a ma'aikatar Pwani Njema. Ita ta zana shi, fenti kawai ya rage. Ranar Talata tawagar maƙwabciyar ƙasa za ta zo. In sun yaba, za su ba da aikin jirage uku. In ba su yaba ba, an riga an faɗa: za a rufe sashen walda.

Litinin da hantsi ta tarar ana jan tamfol a kan jirgin.

"Baba Chengo, wa ya sa ku?"

Shugaban masu waldan ya tofar da yawu. "Wa kuwa, 'yata? Mai kwat. Wai jirginmu kamar akuya mai ƙazwa, tabo ko'ina."

A ɗaya gefen kuwa ana ta shafa wa wani jirgi fenti, wanda aka sayo daga ƙasar waje shekara biyu da suka wuce. An ɓamɓare lambar maƙeransa, an ɗaura ta Pwani Njema. Darakta Mwakio, mai kwat ɗin, na tsaye yana nuna inda buroshi ya tsallake.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ƙarya ce."

"Karramawa dai. Baƙo ya zo gidanki, gindin tukunya za ki nuna masa?"

"Ba tuwo suka zo ci ba. Ɗinkin walda suka zo gani, kuma sai babu fenti ake ganinsa!"

"Yarinya, tawaga goma sha ɗaya na karɓa a nan. Jawabi, hoto, shayi da fanken mahamri, su tafi."

"Cikin sha ɗayan, wa ya sayi ko kwalekwale?"

Ladan wannan tambaya, aka tsayar da ita a ƙarshen layi ranar Talata, riƙe da farantin almakashin yanke ƙyallen biki.

Aka shimfiɗa jar darduma, 'yan badujala suka busa. Ministoci biyu suka yi jawabi kan yadda yankinmu zai ƙera nasa, ya tsare tekunsa da hannunsa, aka tafa. Sai wani gajere cikin baƙin, Kwamanda Nhantumbo, injiniyan tawagar, ya sulale zuwa ɗakin injin jirgin mai ƙyalli. Nyevu na kallo ya ɗaga murfin ƙofar ya buga shi da gwiwa, ya buɗe. Babu wanda ya nuna masa haka.

Ya fito yana goge hannu. "Sannunku da aiki, Darakta. Har sakatar nan mai cijewa kun kwaikwaya. Muna da irinsa biyu, daga inda kuka sayo naku."

Nyevu ta dire farantin a ƙasa, ta sha gabansa.

"Yallaɓai, namu na can a rufe. Mu muka ƙera shi, wallahi. Minti biyar kawai."

Ya dubi inda ta nuna, ya dubi ministansa da ke shiga mota.

"Ƙanwata, na yarda da ke. To me zan rubuta? Cewa sun nuna mini na aro, nasu kuma sun ɓoye? Wa zai zuba sojojinsa cikin jirgin mutanen da ke sauya lamba?"

Motocin suka tashi da jiniya. Mwakio ya aika a tambayi mai hoto ko fuskarsa ta fito sosai.

Bayan sati uku Baba Chengo ya shigo ofishinta, hula a hannu, masu walda sun yi layi a bayansa har bakin matakala.

"'Yata, an ce Larabawa na ɗaukar masu walda. Ki rubuta wa kowa shaidar ya iya aiki."

"Kai ma, Baba?"

"Fara da ni. Ki rage mini shekara goma."

Ta jawo takarda. Bakin alƙalamin ya daɗe a kan takardar kafin ya motsa.